Jan Tsumma a Wuyan Famfo

A tashar mota aka raɗa masa Guduma, yana ɗan shekara goma sha bakwai. Wani direba ne ya ɗaga gilashi zai fice bai sallami masu lodi ba, shi kuwa ya dunƙule hannu ya zura ta cikin gilashin, ya cafko kwalar direban, ya jawo shi ta taga. Ɗinki goma sha ɗaya aka yi masa a damtse. Direban ya bar haƙora uku a kan kwalta. Tun daga ranar sunansa na gaskiya ya ɓace, har mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, in ranta ya ɓaci Guduma take kiransa.

Shekara ashirin ya yi yana kamasho a tashar nan. Aikin kamasho baki ne da hannu, to shi Allah bai ba shi baki ba. Gajere ne, ƙirji kamar ƙyaure, wuya kamar turmi, kunnen hagu rabi, don wani kwandasta ya tafi da sauran a bakinsa. In gardama ta kaure a kan layin mota, sauran su yi ta zage-zage da nunin yatsa, shi kuwa sai ya kwance agogo ya sa a aljihu. Duk wanda ya san tashar, da ya ga an kwance agogon nan, sai ya nemi hanya.

Ranar da dubunsa ta cika, wani sabon ɗan kamasho ne da bai san zancen agogo ba ya tsaya masa. Guduma ya ɗauki ƙarfen kwance taya ya sauke masa a gefen fuska. Mutumin bai mutu ba, amma idon dama ya tsiyaye a wurin, a gaban fasinjoji. Aka yanke wa Guduma shekara biyar.

A gidan yari ya haɗu da fure. Akwai wani ɗan lambu a gaban ofishin manyan gandirobobi, ana sa fursunoni su kula da shi. Shugaban aikin wani fursuna ne tsoho, siriri kamar sillen kara, wanda ya yi shekara talatin yana aikin lambu a gidajen manya. Ƙarfin Guduma aka gani aka tura shi ɗiban ruwa. Rannan tsohon ya ce ya riƙe masa reshen furen wardi zai yi wa shukar aski. Guduma ya damƙe reshen yadda ya saba damƙa, ƙaya ta shige tafinsa, reshen ya karye. Tsohon ya juya almakashi ya ƙwala masa a bayan hannu.

"Wannan ba kwalar direba ba ce. Yatsa biyu, ɗan nan. Biyu."

Fursunonin da ke wurin suka ja da baya suna jiran a kashe tsoho. Guduma ya dubi jinin da ke tafinsa, ya dubi tsohon, sai ya sake kama wani reshen da yatsa biyu. Ikon Allah ya wuce tunanin bawa. Shekara uku ya yi a bayan tsohon nan yana koyon yadda ake yanka reshe a dasa, da yadda ake cire matattun ganyaye, da yadda ake korar ƙwarin darɓa da ruwan sabulu.

Bayan shekara uku aka sake shi bisa sharaɗi. Alƙalin ya ce masa, "Saura shekara biyu a kanka, mun ajiye maka su. Ranar da hannunka ya sake taɓa jikin ɗan Adam, ka zo ka same su, har da ƙari. Ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

A gida ya tarar da matarsa ta rame, ta riƙe 'ya'yansu mata biyu da keken ɗinki. Ba ta yi masa gori ba. Sai da ya yi wanka ya ci abinci, sannan ta ce, tana naɗe zare ba ta dube shi ba, "Baban yara, na jira ka sau ɗaya. Ba ni da ƙarfin na biyu."

Tasha dai ba ta komuwa, don can ko gaisuwa aka yi sai an haɗa da ture. Sai ya tuna lambun mahaifinsu da ke bakin kogi, wanda yayansa ke nomawa shi kaɗai tun rasuwar tsohon. Yaya dogo ne, manomin tumatir da barkono, mutum mai salla a kan lokaci, amma harshensa ya fi lauje kaifi. Da Guduma ya ce yana son rabonsa, Yaya bai hana ba, gado gado ne. Ya ja igiya, ya kafa turaku, fuska a murtuke.

"To ga naka. Me za ka zuba? Tumatir ko albasa?"

"Fure."

"Me?"

"Furen wardi. Ana saye. Masu otal da masu zauren taro."

Yaya ya yi dariya har ya dafa turke. Ya ƙwala wa maƙwabcinsu kira, wani dattijo da kowa ke ce wa Mai Albasa. "Baba, zo ka ji! Wanda ya cire wa mutum ido ne zai noma fure. Miya za ka kaɗa da shi, ko 'ya'yanka ƙamshi za su ci?"

Guduma ya ji yatsunsa suna neman agogo. Ya tura hannuwan duka biyu cikin aljihu, ya ce, "Yaya, ka dai ba ni ranakun ban-ruwana."

Ya dasa gindi ɗari huɗu, layi goma. Sittin suka mutu a watan farko saboda ya cika musu ruwa, ganin yadda maƙwabta ke sakar wa tumatir. Ya sake dasawa. Da furen farko ya fito, sai ya yi abin da kowane ɗan manomi zai yi, ya bar shi ya nuna. A lambun gidan yari ba a yankan fure, kallo kawai ake yi, saboda haka tsohon bai taɓa koya masa wannan ba. Ya jira har kowane fure ya buɗe baki hangam, ja wur, sannan ya yanke da hantsi, gajejjeru, ya ɗaure da igiya kamar alayyafo, ya ɗora a bayan babur ya nufi cikin gari. Rana ta gasa, iska ta kaɗe. Da ya isa shagon Hajiyar da ke ƙawata zaurukan taro, abin da ya rage a igiyar tsinke ne da ƙaya.

Hajiya ta ɗaga daurin da yatsa biyu. "Malam, tsintsiya ka kawo mini?"

'Yan matan shagon suka tuntsure da dariya. Guduma ya fita. Akwai turken wutar lantarki na siminti a ƙofar shagon. Ya naushe shi sau uku, a na ukun ɗan yatsansa ya karye, ƙas, har cikin shagon aka ji. Dariya ta ɗauke. Yana tsaye yana huci jini na ɗiga a takalminsa, sai ga Hajiya ta fito da tsumma da ruwa.

"Turken me ya yi maka? Ungo, ɗaure. Ka saurara, don ba zan maimaita ba. Fure ba tumatir ba ne. Tun yana dunƙule ake yankansa, ya ɗan fara murmushi kawai. Kafin rana ta fito. Karan ya kai tsawon kamu ɗaya, a yanka a karkace. Kana yanka kana tsomawa a bokitin ruwa, kada ya sha iska ko na ƙiftawar ido. Ka zage ganyen ƙasa. Ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. In ka iya wannan ka dawo, launinka yana da kyau."

Ya iya. Da ɗaurarren yatsa ya koyi riƙe almakashi a hannun hagu. Yana idar da sallar asuba zai shiga layi da bokiti biyu, raɓa na jiƙa masa wando. Hajiya ta fara karɓar bokiti ɗaya, ta koma uku. Matarsa ta fara dariya a tsakar gida.

Sai awaki suka shigo. Wata safiya ya tarar da shinge a ɓalle, awaki bakwai na wani mutumin unguwa suna cikin sababbin dashe, sun yi wa gindi arba'in aski har ƙasa. Shida suka tsere. Ta bakwai ƙahonta ya maƙale a waya. Guduma ya kama ta ta ƙafafun baya, ya ɗaga ta sama, ya fyaɗa ta da ƙasa. Ya sake ɗagawa ya sake fyaɗawa. Kukanta ya tara duk manoman bakin kogin. A gabansu ya sa gwiwa ya danne ta, ya murɗe wuyanta har ya ji ya saki, ya wurga mushen ta saman shinge, ya faɗi tim a hanya. Mai akuyar ya zo ya ja abarsa ta ƙafa, bai ko ɗaga kai ba.

Akuya ba mutum ba ce, sharaɗin alƙali bai hau kansa ba. Amma daga ranar mutanen lambu suka janye jiki. Gaisuwa daga nesa, hannu ɗaya a sama, ƙafa na tafiya. In ya doso inuwar da ake hutawa, hira ta mutu, kowa ya tuna yana da aiki. Shi kuma abin bai dame shi ba, har daɗi ya ji, ya ɗauka girma ne. A tasha haka girma yake.

Mutum ɗaya ne bai daina gaya masa magana ba, Yaya. Injin ban-ruwa ɗaya suka gada, kuma kullum a kansa ake yi. Tumatir na son a sakar masa ruwa ya sha ya ƙoshi, wardi na son kaɗan-kaɗan a kai a kai. Guduma zai zo ya karkata tiyo na rabin awa a ranar da ba tasa ba, Yaya ya zo ya tarar da layinsa a bushe.

"Wa ya taɓa mini tiyo?"

"Rabin awa ne, Yaya."

"Rabin awar gidanku! Abincin mutane na ƙuna, kai kana shayar da ciyawar ado. Wallahi wata rana sai na zuba wa ciyawar nan taka magani, kowa ya huta!"

Guduma ya ciji leɓe har ya fashe, ya mayar da tiyon. Maganar kuwa ya haɗiye ta, ta zauna masa a ciki.

A shekara ta biyu lambun ya yi kyan da har masu wucewa a mota suke rage gudu. Hajiya ta zo da kanta, ta zaga layi goman nan tana ɗage zani saboda ƙaya. Ta ce akwai babban taro nan da kwana goma sha biyu, za a buɗe wani sabon otal, tana son furen lambun gaba ɗaya, kada ya sayar wa kowa ko kara ɗaya. In ya fita kunyarta, cinikin furen otal ɗin nasa ne duk mako.

Kwana biyu da tafiyarta darɓa ta sauka. Ƙananan ƙwari kore shar, sun lulluɓe wuyan kowane toho, ganye na danƙo. Ruwan sabulu da buta ya isa lambun gidan yari, amma ba zai isa gindi ɗari huɗu ba. Ya je ya sayo maganin ƙwari. Famfon feshi ne ba shi da shi. Ya nufi rumfar kayan aikin Yaya, ya tarar Yaya ya tafi kasuwa da kwandunan tumatir. Famfo biyu ne rataye a jikin ƙusa, irin waɗanda ake goyawa a baya. Ɗaya tsoho, an ɗaure bakinsa da roba, yana yoyo. Ɗaya mai kyau, da wani jan tsumma ƙulle a wuyansa. Ya sauke mai kyan.

To, a bakin kogin nan ko yaron goye ya san ma'anar jan tsumma. Famfon da aka taɓa zuba wa maganin kashe ciyawa ba ya wankuwa, ko an ɗauraye shi sau goma dafin na nan a roba da tiyo. Shi ya sa kowane manomi ke ware masa famfo na daban, ya ƙulla masa jan tsumma, kada a kuskura a kusanci shuka da shi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kuma ba a koyar da shi, a hirar inuwa ake tsintarsa. Guduma kuwa a tasha ya girma, a kurkuku ya koyi lambu, inuwa kuma in ya zo watsewa take yi.

Yana fitowa da famfon a kafaɗa, Mai Albasa na tsugune a bakin layinsa. Dattijon ya ga tsumman. Ya miƙe tsaye.

"Guduma..."

Guduma ya juyo gaba ɗaya, da wuya da ƙirji, yadda ya saba juyowa. Ransa a ɓace yake saboda darɓa, idanunsa sun kaɗa. "Mene ne?"

Mai Albasa ya dubi hannuwan nan. "A'a... sannu da aiki na ce."

"Yauwa, Baba."

Akwai ɗan ragowar ruwa a gindin tankin, ya ɗauka na ɗauraya ne. Ya zuba maganinsa a kai, ya cika da ruwa, ya bi layi da yamma yana fesawa a hankali, sama da ƙasan ganye, kamar mai yi wa jariri wanka. Layi takwas ya yi maganin ya ƙare. Ya wanke famfon tas, ya mayar inda ya ɗauko.

Darɓa ta mutu. A rana ta uku ya ga kawunan tohon sun sunkuya, ya ce ƙishirwa ce, ya ba su ruwa. A rana ta huɗu sababbin rassa suka fara murɗewa, ganye ya nannaɗe kamar an kara shi a wuta. A rana ta biyar da asuba ya shiga da bokitinsa, ya taɓa toho ɗaya, ya faɗo a tafinsa, ruɓaɓɓe. Ya taɓa na gaba, haka. Ya bi layi takwas da gudu yana taɓawa suna zuba. Ya tsaya a tsakiyar lambun, bokitin ya suɓuce. Ko ba manomi ba ya san wannan ba cuta ba ce, magani ne. Kuma mutum ɗaya ne ya rantse da Allah zai zuba.

Matarsa ta kawo masa abin kari ta tarar yana fitowa daga shinge. Fuskarsa kawai ta gani ta saki kwanon. Ta riƙe masa riga da hannu biyu.

"Baban yara, don girman Allah! Ka tuna alƙali! Ka tuna yaran nan!"

Bai ture ta ba. Tafiya kawai ya ci gaba da yi, tana jan ƙafa a bayansa, har rigar ta yage ta bar ta durƙushe da rabi a hannu.

Yaya na sunkuye a kan inji yana ƙoƙarin tayar da shi, da ƙarfen murɗawa a hannu. Ya ɗago ya ga ƙanensa ba riga.

"Kai kuma lafiya? Yau ba ranar ruwanka ba ce."

"Ka cika alkawari, Yaya."

"Wane alkawari? Kai, tsaya nan! Kada ka matso ni!"

Yaya ba rago ba ne, nono ɗaya suka sha. Shi ya fara kai duka. Ƙarfen ya sami Guduma a gira, fata ta tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ko gezau. Ya shige cikin jikin Yaya, ya rungume shi ta kwankwaso, ya ɗaga dogon mutumin nan sama, ya maka shi a kan injin. Yaya ya tare da hannun dama. Ƙarar karyewar ƙashin ta fi ta ƙarfe. Hannun ya lanƙwashe inda ba gaɓa, farin ƙashi ya huda fata ya leƙo. Yaya ya yi wata ƙara da ba a taɓa jin irinta a bakinsa ba. Guduma ya ja shi ta wuyan riga zuwa ramin da ruwa ke taruwa, ya danna kansa ciki. Ya ɗago shi.

"Shekara biyu! Shekara biyu ina goyonsu!"

"Ban taɓa... wallahi ban..."

Ya sake dannawa. Ruwan ya yi ja. Ƙafafun Yaya na dukan laka. Manoma sun taru a nesa, masu salati na yi, masu riƙe da fartanya na riƙe, amma ba wanda ya tako. Matar Guduma na ta kururuwa a zo a raba.

Sai wata murya ta tsage daga bayan bishiyar mangwaro. Mai Albasa ne, ya rungume bishiyar kamar za ta kare shi.

"Kai ka fesa! Guduma, kai ne! Da hannunka! Famfon da ka ɗauka mai jan tsumma, na maganin ciyawa ne! Yayanka na kasuwa ranar! Sake shi, za ka kashe ɗan'uwanka a banza!"

Hannun Guduma ya saki. Yaya ya ɗago yana aman ruwa da laka. Guduma ya miƙe a hankali, ya share jini daga idonsa, ya dubi layukansa. Takwas sun ƙone. Biyun ƙarshe, inda maganin bai kai ba, suna nan kore shar, har wani toho ya fara buɗewa. Da Yaya ne ya zuba, da bai bar biyu ba.

"Baba," ya ce, "ka gan ni na ɗauka?"

"Na gan ka."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

Dattijon ya matse jikin bishiya. "Na ga akuya, ɗan nan. Dukanmu mun ga akuya."

Guduma ya bi fuskokin manoman ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai. Ya durƙusa ya cicciɓi Yaya, Yaya na zaginsa da ragowar numfashi, ya goya shi a baya, ya yi ta gudu da shi har bakin titi, karyayyen hannun na reto yana ɗiga masa jini a ƙirji.

A asibiti aka shiga da Yaya ɗakin tiyata. Aka yi wa Guduma ɗinki a gira yana zaune kamar dutse. Matarsa ta zo ta zauna a ƙarshen bencin, ta bar wurin mutum uku a tsakaninsu. Irin wannan rauni ba ya wucewa sai an sanar da hukuma, kowa ya sani. Bayan la'asar, Yaya ya farfaɗo, sai ga ɗan sanda da littafinsa. Guduma ya bi shi har bakin ƙofar ɗakin ya tsaya. Bai yi niyyar gudu ba, bai kuma yi niyyar musu ba. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da shekara biyu da ƙari, kuma a bakin mutumin da ya danna a ruwa take.

"Malam, wa ya yi maka wannan?" in ji ɗan sandan.

Yaya ya dubi silin. Leɓensa ya kumbura, maganar da ƙyar take fita. "Inji ne, Yallaɓai. Ina tayar da shi ya fizge ni."

Ɗan sandan ya juya ya dubi Guduma da ɗinkin girarsa. "Shi kuma wannan?"

"Shi ma injin ne."

"Lallai wannan inji naku ya iya faɗa. Har laka ya zuba maka a kunne?" Ya jira. Ya rufe littafin ya buga shi a cinya. "To, ku gaya wa injin ya kiyayi kansa. In ya sake, ni zan zo in ɗauke shi."

Da ya fita, Guduma ya shigo ya zube a gaban gadon. "Yaya..."

"Rufe mini baki. Ka sa na yi ƙarya da furfurata, Allah ya yafe mini. Kada ka ɗauka don kai na yi. Likita ya ce hannun nan ya gama riƙe fartanya. In aka ɗaure ka, wa zai yi mini noma? 'Ya'yana bakwai. Kai ka karya, kai za ka noma. Tashi ka ba ni wuri, warin jini kake."

Hajiya ta samo furenta a wani wuri, cinikin otal ɗin ma ya tafi ga wani. Guduma ya tone gindi ɗari uku da ashirin da hannunsa, ya tara ya cinna musu wuta. Matarsa ta kwashe yaran ta tafi gidan yayarta, sai da ta yi wata uku ta dawo, kuma ta daɗe ba ta yi masa magana mai tsawo ba.

Shekara huɗu ke nan. Daga layi biyun da suka tsira ya yi ta yankan reshe yana dasawa, yanzu sun kai layi biyar, bai kuma ƙara ba, don ba lokaci. Da asuba ya yanki bokiti biyu, matarsa ta kai wa Hajiya a mota. Rana na fitowa ya tsallaka igiya ya shiga tumatirin Yaya, sai azahar. Yaya na zaune a inuwa, hannun dama a lanƙwashe a kan cinya, ya bushe kamar reshe, yana nuni da na hagu.

"Ruwan ya yi yawa! Kai ko jaki aka koya wa shekara huɗu ai ya iya. Wancan layin fa, ubanka zai cire ciyawar?"

"To, Yaya."

"To, Yaya, to, Yaya. Sunkuya ka yi aiki!"

Manoma suna jin wannan daga gonakinsu. A shekarar farko jira suke su ga ranar da za a ƙarasa Yaya. Yanzu wasu sun fara matsowa bakin shinge, Mai Albasa har yakan ce masa takin nan ya yi zafi, a bari ya huce, ko da yake daga bayan waya yake faɗa.

Lokacin sanyi ƙarfen da aka sa wa Yaya a hannu yakan tasar masa da ciwo, sai an kai shi asibiti a duba. Guduma ne ke kai shi a babur. Hanyar duk ramuka ce, ga mutum da hannu ɗaya, matar Yaya kullum sai ta ce masa ya riƙe ƙanensa kada ya faɗo. Yaya ya hau, ya ja jikinsa can baya, ya kai hannun hagu ya damƙe ƙarfen bayan kujera. Guduma ya tayar da babur, ya bi gefen hanya a hankali, yana kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya.